Yadda Za Ki Gano Abin da Ke Cin Gashinki Kafin Ki Sayi Wani Mai

Ranar tsifa ce ke tayar wa mata da yawa hankali. Kitso ya yi wata guda a kai, an zauna da kibiya an warware shi, an sa mataji, sai ga dunƙulen gashi cike da tafin hannu. Nan take a ɗauki waya a shiga tambayar ƙawaye wane mai ke tsayar da zubar gashi, kafin magariba an tura wa mai haɗi kuɗi. In wata biyu suka wuce ba a ga canji ba, a koma wani haɗin. Na san wata baiwar Allah da ta jera kwalabe bakwai a gaban madubi, ashe ƙarancin jini ne ke damun ta, abin da ko an juye mata tulun man zaitun a kai ba zai taɓa shi ba.

Abubuwan da ke rage gashi suna da yawa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai. Wani zubar gashin da kansa yake tsayawa ko ba a yi masa magani ba. Wani kuma in aka yi sakaci da shi shekara ɗaya ko biyu, wurin ya mutu ke nan har abada. Saboda haka bincike ne a gaba, sayen mai a baya. Mafi yawan binciken a ɗaki za ki yi shi, da farar takarda, madubi biyu, wayarki, da ɗan tunanin abin da ya same ki a watannin baya. Da mata nake magana, amma maza ma akwai nasu kason a ƙasa.

Mataki na farko: ki san zubar da ba ciwo ba ce

A kan mutum akwai silin gashi wajen dubu ɗari, kuma kowane sili da nasa lokacin. Kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari suna cikin girma, wanda ke ɗaukar shekara biyu zuwa shida, wani ma ya fi. Daga nan silin ya daina tsawo, ya yi mako biyu ko uku yana janyewa daga tushensa, sannan ya zauna hutu na kusan wata uku. In hutun ya ƙare sai ya faɗi, sabo ya tsiro daga wannan ramin. Da yake ba tare suke shiga hutun ba, kullum akwai masu faɗuwa: sili 50 zuwa 100 a rana, a kan lafiyayyen mutum.

To yanzu yi lissafi. Gashin da ya rabu da fata alhali yana cikin kitso ba shi da hanyar faɗuwa, yana nan a sarƙe. In kitson ya yi mako huɗu, kwana 28 ke nan, abin da ya taru zai kai sili 1,400 zuwa 2,800, duk su fito rana guda a mataji. Ga shi kuma gashinmu a murɗe yake, kaɗan ne ke yin ƙullin da ya cika ido. Don haka girman dunƙulen ranar tsifa shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne: ya fi na tsifar baya, alhali kwanakin kitson ɗaya ne? Tsagar kitso ta ƙara faɗi? Jelar da a da take cika hannu yanzu ta sirance? In amsar duka a'a ce, ki kwantar da hankalinki, ki ajiye kuɗinki.

Mataki na biyu: zuba yake yi ko karyewa?

Nan ne mata da yawa ke ɓata hanya, don a baki duka “zubar gashi” ake ce musu, amma abu biyu ne daban.

Shimfiɗa farar takarda a wuri mai haske. Ki zaro sili ashirin daga cikin abin da ya fito a mataji, ki miƙe kowanne ki dubi bakinsa biyu. In silin ya kai tsawon gashin kanki, kuma a baki ɗaya akwai ɗan farin ƙulli ƙanƙane, to wannan daga tushe ya fito, ya gama kwanansa ne. Kada farin ƙullin ya tsorata ki. Mutane kan ce “ai da saiwarsa ya fita”, amma abin da ke ƙera gashi yana can cikin fata bai je ko'ina ba. In kuwa guntaye ne gajeru, wani rabin yatsa wani ƙasa da haka, babu ƙulli a kowane baki, to karyewa ce. Duba kafaɗarki da ƙasan da kika zauna bayan taje kai: ɓurɓushin gashi kamar an zuba barkono, shi ma shaidar karyewa ne.

Karyewa matsalar silin ce, ba ta cikin jiki ba. Gashinmu kowace lanƙwasa da ke jikinsa wurin rauni ce, kuma maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshen sili saboda murɗewar. Sai hunturu ya zo ya ƙarasa busar da shi. A kan wannan ake ɗora rilaksa, wadda aikinta shi ne ta karya ɗaurin cikin sili don ya miƙe. Babbar ɓarnar ita ce a maimaita ta kan gashin da ya riga ya sha, maimakon a tsaya kan sabon tsiro kawai, ko a sake sa ta kafin mako takwas su cika. Sai zafin abin busar da gashi da na miƙarwa, sai taje kai a bushe da ƙaramin mataji daga tushe zuwa sama.

In kin tabbatar karyewa ce, gyaran a hannunki yake. Ki tsagaita da rilaksa da zafi. Ki riƙa jiƙa gashin da ruwa tukuna sannan ki bi da man kaɗanya ko na kwakwa, don mai ba ya jiƙa gashi, ruwan da ya tarar yake tsarewa. Ki warware sarƙa da yatsu, sannan babban mataji, daga ƙarshen sili kina gangarowa tushe. Ki datse bakin da ya tsattsage. A nan ne garin chebe na matan Chadi yake da amfani: yana lulluɓe silin ya hana shi bushewa da karyewa, tsawo ya taru. Amma ba ya shiga fata ya tsirar da gashi a inda babu, ko su masu shi a jikin gashin suke shafa shi, ba a fatar kai ba.

In kuwa mafi yawan silin suna da farin ƙulli, ko kuma kina ganin fatar kai a inda a da ba kya gani, ci gaba.

Mataki na uku: a ina gashin ke raguwa?

Wurin da gashi ya ragu shi ne babban mai ba da shaida. Bayan tsifa da wanke kai, ki tsaya a hasken rana, ki sa 'yar'uwarki ko 'yarki ta ɗauke ki hoto huɗu: goshi, gefen dama da na hagu, sai tsakiyar kai daga sama bayan an tsaga gashin biyu. Ƙeya ma a leƙa.

In raguwar ko'ina ce, babu wurin da ya fi wani, jela ce kawai ta sirance, to amsarki tana mataki na huɗu da na shida.

In goshi ne ke ja da baya, da gefen kai saman kunne, to da wuya in ba ja ba ne. Wannan ita ce cutar gashin da ta fi yawa a cikinmu, kuma da hannunmu muke yin ta. Wani bincike da likitocin fata suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka buga a 2007, ya same ta a kusan mace ɗaya cikin uku, kuma ta fi tsanani ga masu ɗora kitso mai nauyi kan gashin da ya sha rilaksa. Alamarta mai sauƙin ganewa ce: a can bakin goshi za ki ga siririn layin ƙananan gashi sun tsira, don sun yi wa mai kitso gajarta ba ta iya kama su ba, sai fili a bayansu, sannan gashi ya ci gaba.

Tun muna yara aka saba mana da cewa kitso in bai yi zafi ba bai kamu ba. Yarinya tana kuka ana danne kanta tsakanin gwiwoyi, an gama a ce ta yi kyau. Gaskiyar magana, duk kitson da ya sa kika sha farasitamol, ko kika kasa ɗora kai a matashi daren farko, ko girarki ta ɗaga, ko ƙananan ƙuraje suka feso a bakin tsaga, wannan kitson cire gashi yake yi, a warware shi a ranar ko nawa aka biya. Shuku da ake tattare shi sama a ɗaure, ƙananan kalaba da gashin doki, da kitson da kullum hanya ɗaya yake bi, su ne kan gaba. Hijabi shi kansa ba ya cin gashi. Abin da ke ƙarƙashinsa ne: ɗankwalin da ake tamke shi kan layi ɗaya kullum, robar da aka matse jela da ita tun safe har dare, da acucin da nauyinsa ke jan gashi baya. A farkon lamarin, in aka saki gashin, yakan dawo cikin watanni. In aka shekara da shekaru ana ja, ramukan sukan toshe, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, kuma babu man da zai dawo da shi.

In tsakiyar kai ce, abu biyu ne ke kama da juna, kuma raba su yana da muhimmanci. Na farko na gado ne, irin sanƙon maza amma a siffar mata: goshi yana nan, tsagar tsakiya ce ke ƙara faɗi a hankali, gashin wurin yana sirancewa yana gajarta, babu zafi babu ƙaiƙayi. Yakan fi bayyana bayan daina al'ada, kuma in kin waiwaya za ki ga akwai shi a dangi. Na biyu shi ne abin tsoro. Wani kumburi ne a ƙarƙashin fata da ya fi kama mata baƙar fata, yakan fara a maɗiga ya riƙa faɗaɗa kamar da'ira, yana kashe ramukan gashi yana barin tabo. Wata takan ji ƙaiƙayi ko zogi ko taushi a wurin, kamar an ja mata gashi, wata ba ta jin komai sai dai gashin wurin ya riƙa karyewa ya ƙi tsawo. An daɗe ana ɗora laifin kan rilaksa da zafi kawai, sai a 2019 masu bincike suka gano sauyi a wata ƙwayar gado a jikin wasu masu ciwon, abin da ya bayyana dalilin da ake ganin sa ga uwa da 'ya, har ga wadda ba ta taɓa sa rilaksa ba. Wannan ba na zama a gida ba ne. Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma likitan fata yana iya tsayar da shi ya ceci sauran.

In kuwa fili ne zagayayye kamar kwabo, ya bayyana cikin 'yan kwanaki, taɓa shi ki ji. In sumul yake, babu ɓawo babu ƙaiƙayi, to garkuwar jiki ce ta juya kan ramukan gashin wurin. A kan ji ana cewa aljanu ne suka yi aski, ko sammu ne, saboda yadda yake zuwa dare ɗaya. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma in fili ɗaya ne ko biyu, sau da yawa gashin kan dawo da kansa cikin shekara, wani lokaci ya fara fitowa fari kafin ya yi baƙi. Goga tafarnuwa a wurin yakan ƙona fata. Likita na da allurar da ake yi a cikin fatar wurin don ta gaggauta tsiro. In filin yana da ɓawo fari-fari, da guntayen gashi kamar an yi saisaye, yana ƙaiƙayi, musamman ga yaro, makero ne. Shi yana yaɗuwa ta mataji da hula da matashi da kilifar mai aski. Man shafawa shi kaɗai ba ya kashe makeron kai, don ƙwayar cutar tana cikin silin gashi. Sai an sha magani, irin su girisiyofulbin, na mako shida zuwa takwas, bisa awon likita. Wani lokaci yakan kumbura ya yi ruwa da mugunya, har kaluluwa ta fito a wuya. Kada a kai wa wanzami ya tsaga da sunan maruru, asibiti za a je.

Mataki na huɗu: ƙirga wata uku baya

Wannan shi ne matakin da na fi so mutane su riƙe, don shi ne ke warware mafi yawan ruɗani. Gashi ba ya ba da labarin yau, labarin wata biyu ko uku baya yake bayarwa. In jiki ya gamu da wata babbar wahala, sai ya tura gashi masu yawa hutu lokaci guda don ya tattala ƙarfinsa. Kin tuna hutun wata uku ne? To sai wa'adin ya cika sannan su zubo tare, a lokacin da ke kin warke har kin manta. Sai a kama man da aka canza makon jiya, ko mai kitson da aka je wa ranar Asabar, a ɗora musu laifi.

Ɗauki biro. Rubuta watan da kika fara lura da zubar, ki koma baya wata biyu zuwa huɗu, ki tambayi kanki me ya faru. Zazzaɓi mai zafi, na maleriya ko taifod, wanda ya kwantar da ke kwanaki? Tiyata? Ɓari? Zubar jini mai yawa? Rasuwa, ko rabuwar aure, ko wani tashin hankalin da ya hana ki ci da barci? Kin rage ƙiba da gaggawa, da yunwa ko shayin rage tumbi? Kin fara ko kin daina maganin tsarin iyali? An ɗora ki kan wani sabon magani, kamar na farfaɗiya ko na tsinka jini? In maganin likita kike zargi, kada ki daina da kanki, ki koma ki gaya masa. Maganin ciwon daji shi dabam yake, cikin mako biyu zuwa huɗu yake zubar da gashi, kuma yakan dawo bayan an gama.

Haihuwa ce uwa uba. Lokacin ciki, sinadaran jikin mace suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa mai ciki kan ga kanta ya cika. Da an haihu sai riƙon ya saki. Wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, an gama wankan jego an yi arba'in an koma ɗaki, sai gashi ya fara zuba kamar ba zai tsaya ba, musamman gefen goshi. Nan ake cewa shayarwa ce ke tsotse gashin. Ba ita ba ce, wadda ba ta shayar ba ma tana yi, kuma yaye ba ya tsayar da shi. Kafin yaro ya shekara yawanci kai ya koma yadda yake. Abin da ke mayar da na wucin gadi ya zama na dindindin shi ne a ɗora matsattsen kitso kan wannan goshin mai rauni, daga na suna zuwa na arba'in zuwa na bikin dangi. Mai jego ta yi manyan kitso sassauƙa, ta bar gefen goshi ya huta. Amma in an zubar da jini sosai wajen haihuwa, sannan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, ga kasala, har gashin hammata yana tafiya, wannan ba zubar jego ba ce, a ga likita ba tare da jinkiri ba.

Kina iya gwada ƙarfin zubar da kanki. Ki bari kwana ɗaya bayan wanke kai da tajewa, ki kama sili wajen hamsin kusa da fata tsakanin yatsu, ki ja a hankali har ƙarshe. In sili ɗaya ko biyu suka biyo, ba komai. In shida ko fiye suka fito da farin ƙullinsu, kuma haka a wurare daban-daban, zubar tana kan ganiyarta. Kada ki yi gwajin ranar tsifa, zai ba ki amsar ƙarya.

Irin wannan zubar ba ta sa sanƙo, kuma in sanadin ya wuce takan tsaya cikin wata shida. In ta haura haka, akwai abin da ke rura ta.

Mataki na biyar: dubi fatar kanta

Ki buɗe hoton da aka ɗauka ki ƙara girmansa a inda gashin ya ragu. In kina ganin ƙananan ɗigo-ɗigo na ramukan gashi, ko siraran gashi masu laushi, wurin da ransa. In fatar ta yi sumul kamar bayan cokali, babu ramuka, tabo ne. Ja, ƙuraje, mugunya, zafi in an taɓa, ko sili da yawa suna fitowa daga rami guda kamar burushi, duk na likita ne.

Amosani ba ya tumɓuke gashi, amma susa da farce da kibiya tana karya shi. Shamfu mai ketokonazol, a bar kumfar minti biyar a kan fata kafin a ɗauraye, ya fi a yi ta lafta mai, don abin da ke haddasa amosanin maiƙo ne abincinsa. Baƙin rini kuma, wanda ake rufe furfura da shi, yakan sa wa wasu kumburi da ƙaiƙayi mai tsanani, a gwada shi a bayan kunne kwana biyu kafin a sa.

Mataki na shida: tambayi sauran jiki

In zubar ko'ina ce, kin ƙirga baya ba ki ga komai ba, ko ta wuce wata shida, to kai yana kawo ƙarar wani wuri ne.

A ƙasarmu ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, shi ne farkon abin zargi. Al'ada mai yawa ko mai daɗewa, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki, da abincin da tuwo ya yi yawa nama ya yi kaɗan, duk suna kwashe shi. Alamunsa: gajiya, haki in an hau bene, jiri, farin ido in an ja fatar ƙasa, farce mai karyewa, da kwaɗayin tauna ƙanƙara ko farar ƙasa. Ki nemi a yi miki gwajin jini gaba ɗaya, amma kada ki tsaya kan awon yawan jini, wato PCV, kawai. Ki roƙi a auna feritin, wato ajiyar ayon ta jiki, don rumbu kan ƙare tun kafin jini ya nuna ya yi ƙasa. Kada a yi gwajin kina cikin zazzaɓi, ciwo yana ɗaga feritin ya ɓoye gaskiya. In ya yi ƙasa, maganin na watanni ne, tare da hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo, a haɗa da lemon tsami ko tumatir ko gwaiba don ayon ya shiga jiki. Shayi kuma yana hana shi shiga, a bar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko ƙwayar ayon. Mai sikila, musamman wadda ake yi wa ƙarin jini, kada ta sha maganin ayon sai likita ya ce, don nata yakan yi yawa ne.

Na biyu tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. In ta yi sanyin aiki: jin sanyi, ƙiba ba dalili, bushewar fata, taurin bayan gida, yawan barci, wani lokaci har ƙarshen gira ya zube. In ta yi gaggawa: rama, faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu. Duka biyun suna zubar da gashi, kuma gwajin jini mai suna TSH ke nunawa. Takan rikice wa wasu mata a shekarar farko bayan haihuwa.

Na uku, in gashin tsakiyar kai na raguwa ga budurwa ko matashiyar mace, alhali gashi na fitowa a haɓa, ga ƙurajen fuska, ga al'ada tana tsallake watanni, to sinadaran maza ne suka yi yawa a jiki, galibi daga matsalar ƙwan mace. Wannan na likitan mata ne. Ciwon gaɓoɓi da ƙuraje a kumatu tare da zubar gashi, shi ma a faɗa wa likita.

Gargaɗi guda kan ƙwayoyin gyaran gashi da suka cika kasuwa. Mafi yawansu wani bitamin ne mai suna bayotin, kuma ƙarancinsa ba kasafai ake samu ba ga mai cin abinci daidai. Abin da ya fi damuwa, yana rikita sakamakon gwajin jini, har da na tayirod da na zuciya, abin da ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansa a 2017. In kina sha, ki gaya wa likita kafin a ɗebi jininki.

Ga maza

Malam, kai naka ya fi sauƙin ganewa. In kusurwoyin goshi biyu suna shiga ciki, maɗiga tana buɗewa, gefe da ƙeya suna nan daram, sanƙon gado ne, kuma yana iya zuwa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Hula ba ta da laifi, ko zanna ce ko ƙube. Aski da aska ma ba ya ƙara kaurin gashi, bakin da aka yanke ne ke ba da wannan kamar. Maganin da aka tabbatar biyu ne: minoksidil na shafawa, da ƙwayar finasteraid da likita ke rubutawa. Ita ƙwayar takan rage wa wasu sha'awa, kuma mace mai ciki kada ta taɓa fasasshiyarta. Abin da maza ke rainawa shi ne ƙurajen ƙeya, waɗanda ke farawa ƙanana bayan ƙwal-kwabo, su taurara, su haɗe su zama tudun tabo mara gashi. Da ka gan su, ka hana mai aski kankare ƙeyar da gyaran layi da reza, ka nemi likitan fata tun suna ƙanana.

Mataki na bakwai: auna da hoto, ki ba shi lokaci

Gashi wajen santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, namu ma yakan ɗan gaza haka, kuma murɗewa tana ɓoye tsawon. Ido na kullum a madubi ba zai gane canji ba. Ki maimaita hotunan nan huɗu sau ɗaya a wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, tsaga ɗaya. Don ki san ko sabo na fitowa, sa farar takarda a jikin tsaga ki dubi gajerun gashin da suka miƙe: masu tsinin baki sabon tsiro ne, masu yankakken baki karyayyu ne. Ki canza abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ki san wanda ya yi aiki ba.

In binciken ya kai ki ga na gado, minoksidil shi ne abin da ke da hujja, amma ki san halinsa kafin ki fara. A makonnin farko zubar takan ƙaru kafin ta lafa, ba a ganin amfaninsa sai bayan wata huɗu zuwa shida, kuma ranar da aka daina, abin da ya riƙe zai tafi cikin watanni. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. A fatar kai ake sa shi, a wanke hannu, don in ya gangaro fuska gashi zai fito a can. In akwai kyanwa a gidan a nisanta shi da ita, kaɗan ne ke kashe ta. Haɗin da ba a rubuta abin da ke ciki ba kuwa, ni ba na sa shi a kaina, don wasu akan zuba musu man bilicin mai sitiroyid wanda ke sirantar da fata.

Kada ki jira wata shida in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: fili mai sumul babu ramuka, zafi ko mugunya, filin da ke faɗaɗa da sauri, gira ko gashin ido na zubewa, ko kuma yaro ne. Likitocin fata ba su da yawa, an fi samun su a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, kuma sau da yawa sai da takardar turawa daga asibitin kusa. Ranar zuwa, ki je da kai a tsefe, babu mai babu lalle, don ba a duba fata ta cikin kitso. Ki riƙe hotunanki, da takardar nan ta ƙirgen watanni, da duk maganin da kike sha ko shafawa a cikin kwalabensu, har da na gargajiya. In likita ya ce zai ɗan yanki fatar kai a kai ɗakin gwaji, kada ki firgita, ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma da ita ake raba ciwon tabo da na gado tun kafin ido ya iya raba su.